Giyabos Ɗin Tsoffin Motocin Amurka Masu Gudu: Kwanson Wanne Ya Fi Ƙwari?

Masu kallon tseren motoci a YouTube sun saba ganin tsoffin motocin Amurka irin su Chevelle da Mustang da Charger suna fizga har tayoyin gaba su ɗaga sama. Yawanci inji ake yabawa. Amma duk ƙarfin nan ta giyabos yake bi kafin ya kai taya, kuma da zarar kwanson da ke riƙe da kayan cikinsa ya tsage, wasa ya ƙare.

Giyabos otomatik guda uku ne suka fi suna a wannan fage: TorqueFlite 727 na Chrysler da ya fito a 1962, da TH400 na General Motors a 1964, sai C6 na Ford a 1966. Kowannensu giya uku gare shi, kuma kwansonsa na alminiyum ne, an zuba shi haɗe da bakin da ake ɗaurawa a jikin inji. Ke nan ba irin ƙarfen ne ya bambanta su ba. Bambancin yana wurin da ƙarfin juyi yake dannawa a jikin kwanson, kamar yadda waya ta fi fashewa ta kusurwa komai kyan jikinta.

TH400 yana da wani tokari na baƙin ƙarfe a tsakiyarsa, wanda ke hana sandunan ciki karkacewa. Shi ya sa yake jure wahala, har Rolls-Royce da Jaguar suka riƙa sa shi a motocinsu. Rauninsa yana wasu ƙananan haƙora da ke cikin kwanson, masu riƙe zoben kulocin giya ta biyu. Idan bakanike ya ƙara matsin mai ya wuce kima don giya ta riƙa shiga da sauri, haƙoran kan ɓalle, kuma sau da yawa sai dai a nemi wani kwanson.

Matsalar 727 ta fi ban tsoro. A can ƙarshensa akwai wani zobe mai barin juyi ya tafi gefe ɗaya kawai, kuma cusa shi aka yi cikin alminiyum ɗin. Idan taya na sulɓi a giya ta ɗaya sai ta kama ƙasa farat ɗaya, zoben na iya kwacewa. Daga nan gangar kulocin gaba za ta yi juyi fiye da ninki biyu na gudun inji, ta tarwatse, gutsattsarinta su huda kwanson daidai kusa da ƙafar direba. Masu tsere sukan sa zoben da ake ɗaurewa da noti. Duk da haka, 727 ɗin ne ya ɗauki injin 426 Hemi, don haka ba abin rainawa ba ne.

C6 kuwa ba a cika kukan kwansonsa ba. Nauyi ne da shi, kuma yana cinye wani kaso na ƙarfin inji.

Idan har sai an zaɓa, TH400 ne a gaba, musamman da yake yanzu ana ƙera masa sabon kwanso mai kauri na tsere. Sai dai yawancin na asalin sun kwana biyu, wasu sun haura shekara 50, kuma ɗan karkacewa wajen ɗaura su a inji ya isa ya tsaga su. Hukumar tsere ta NHRA ma ba ta dogara da kwanson kamfani ba: motar da ke cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka, dole ne a sa wa giyabos ɗinta garkuwa, ko na wane kamfani ne.