Dunƙulallen Aiki da Sauri a Manhajar Tace Wasiƙun Banza

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna yadda manhajar da ke tace wasiƙun banza daga imel take adana abin da ta koya, da kuma abin da wannan adanawa ke ci mata na lokaci.

A shekarar 2002 Paul Graham ya yayata dabarar tacewa ta hanyar lissafin Bayes, a wannan shekara kuma Eric Raymond ya rubuta Bogofilter. Ita wannan manhaja tana ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a wasiƙun banza, sau nawa kuma a na kirki, sannan ta ajiye adadin a rumbun bayanai, alal misali Berkeley DB. Da wannan adadi take yanke wa sabuwar wasiƙa hukunci.

To, a ƙaddara ana koya mata wasiƙa mai kalmomi 300, sai wuta ta ɗauke bayan an rubuta 150. Lissafi ya gurgunce ke nan, wataƙila ma rumbun ya lalace, wasiƙar kirki ta riƙa faɗawa cikin shara. Maganin wannan shi ne abin da muka kira dunƙulallen aiki, wato ko dai a rubuta sauye-sauyen duka, ko kuwa kada a rubuta ko ɗaya. Rumbun yakan fara shigar da su a kundin rajista, domin in an sami tangarɗa a koma gare shi a gyara. Bogofilter ta karɓi wannan tsari a 2004.

Amma fa wannan aminci ba kyauta ba ne. Kafin a ce aiki ya kammala, dole a jira faifai ya tabbatar da rubutun. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti, sau 120 yake juyawa a daƙiƙa, saboda haka tabbacin da zai bayar a daƙiƙa ba zai wuce kimanin 120 ba. In aka mai da kowace kalma aiki mai zaman kansa, wasiƙar nan za ta ci aƙalla daƙiƙa biyu da rabi. In kuwa aka dunƙule wasiƙar gaba ɗaya, jira ɗaya ya wadatar.

A taƙaice, ra'ayinmu shi ne kada a yar da wannan tsari don neman sauri, balle a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas. Abin da ya kamata shi ne a dunƙule wasiƙu da dama cikin aiki guda, a kuma riƙa share tsofaffin kundayen rajista don kada su cinye faifai.