Kafin ka sayi feloda ta hannu, je ka gan ta da sassafe

Bara saura ƙiris in jawo wa gonar da nake kula da ita babbar asara. Mun je sayen feloda ta hannu don kwashe kashin kaji da gyara bakin kududdufan kifi. Fenti sabo fil, inji na aiki lafiya lau. Ashe tun kafin mu iso mai ita ya ɗumama injin. Bakanikenmu ya ce mu dawo washegari da sassafe. Ana tayar da ita shuɗin hayaki ya turnuƙe wurin, alamar injin na shan baƙin mai. Nan muka fasa.

Don haka ka sa a tayar da ita a gabanka tana sanyi, sannan ka duba waɗannan:

1. Ɗaga bokitin sama ka kashe inji. In yana sauka da kansa, haidurolik ɗin na da matsala.
2. Duba gaɓar tsakiya inda motar ke lanƙwasa. In tana girgiɗi, gyaranta akwai cin kuɗi.
3. Shinshina man giya. Warin ƙuna ba alheri ba ne.
4. Kar ka yarda da mitar awanni, ana canza ta. Dubi yadda feda da kujera suka ci.
5. Tayoyi huɗun nan tsada gare su, saka su a lissafi.

Kuma ko Caterpillar ce ko SDLG, tambayi kayan gyaranta a kasuwar kusa da kai kafin ka biya.

Allah ya sa albarka a nema.