Mai Sayar da Agogo, Saƙon Waya Ba Kuɗi Ba Ne

Garin Dole Kaina yana bakin Kogin Kwara, can yammacin Jihar Kebbi, kusa da inda iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗu. Mutanen wannan yanki, har zuwa Kamba da Lolo da Bagudo, sun daɗe da sanin ciniki. Suna sayar da kifi da shinkafa, suna karɓar naira, suna karɓar sefa, suna hulɗa da mutanen Gaya da na Malanbil. A cinikinsu na gargajiya, mai saye yana tsaye gabanka, ka ƙirga kuɗinka, sa'an nan ya ɗauki kayansa.

Yanzu wata kasuwa ta shigo cikin wayar hannu. Mutum yana zaune a ɗakinsa sai ya ɗauki hoton kaya ya sa a Facebook, ko WhatsApp, ko Jiji, kafin gari ya waye baƙi sun fara taya shi. Cikin kayan da ake sayarwa ta wannan hanya akwai agogo mai tsada, irin su Rolex, da Omega, da Rado. Wani kyauta aka yi masa ranar da ya bar aiki, wani gādo ya ci, wani kuwa ɗansa ne ya aiko masa daga ƙasar waje. Galibi ba a sayar da irin wannan agogo sai da dalili mai ƙarfi: kuɗin makarantar yara, ko na asibiti, ko rufin ɗaki kafin damina. Saboda haka in aka cuci mai agogo, iyali duka aka cuta.

Me Ya Sa Agogo?

Ɗan damfara yana son agogo don ƙarami ne, ga tsada. Saniya tana bukatar mota, buhun shinkafa yana bukatar ɗan dako, amma agogon miliyoyin naira a ɗamtse ake ɗaura shi, a wuce gaban kowa ba mai tambaya. A bakin iyaka kuwa, kwalekwale ɗaya ya isa ya fitar da shi daga ƙasar, inda ɗan sandan Nijeriya ba shi da ikon bin sawu kai tsaye.

Akwai kuma wani dalili. Masu kuɗin sata suna neman abin da za su juya kuɗin a ciki don ya ɓace. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a watan Yuni na shekarar 2020, kotu a Amurka kuma ta ɗaure shi wata 135 a Nuwamban 2022. Cikin abin da aka bayyana a shari'arsa har da agogon Richard Mille na wajen dala 230,000, wanda aka saya da kuɗin da aka damfari wani ɗan kasuwa na ƙasar Katar. Agogonka bai kai wannan ba, amma ƙananan ɓarayi ma hanyar manyansu suke bi.

Alat Na Ƙarya

Tun daga 2011 bankunan Nijeriya suke da hanyar tura kuɗi nan take daga banki zuwa banki. A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wuya, har mai tuwo da mai kifi suka koma karɓar kuɗi ta waya. Daga nan mutane da yawa suka saba, da zarar waya ta yi ƙara sun ga sunan banki, sai su miƙa kaya.

Ga inda haɗarin yake. Saƙon da ke shigowa wayarka rubutu ne kawai, kuma akwai hanyoyin da mugu yake aiko da rubutu da sunan bankinka a kansa. Wani lokaci har saƙon yakan shiga layi ɗaya da saƙonnin banki na gaskiya. Wasu kuma suna da manhaja ta jabu wadda take fitar da rasit mai kyaun gani, da sunanka, da yawan kuɗin, da kwanan wata. Sai mai saye ya juyo maka fuskar wayarsa ya ce, "Ga shi, ranka ya daɗe, an cire mini." In ka ce ba ka gani ba tukuna, sai ya ɗora laifin a kan sabis. A garuruwan iyaka wannan uzuri yana da saurin shiga, gama kowa ya san sabis yakan ɗauke, wani lokaci ma waya takan kama layin maƙwabciyar ƙasa.

Maganin abin ɗaya ne. Kai da kanka ka buɗe manhajar bankinka, ko ka danna lambobin duba asusu, ko ka shiga banki ka tambaya. Kada ka taɓa wani adireshin intanet da mai saye ya aiko maka, kada kuma ka kira wata lamba da ya ce ta banki ce. In sabis ya hana ka gani, to, sabis ya hana shi ɗaukar agogo ke nan. Sai ku jira tare.

Cek Da Kuɗin Da Ya Yi Yawa

Wata dabara ita ce mai saye ya sa cek a asusunka. Banki yakan nuna adadi biyu: wanda aka rubuta a littafi, da wanda za ka iya cirewa. Cek yana iya bayyana a na farko alhali bai tsarkaka ba. Bayan ka ba da agogo, sai cek ya dawo ba kome a cikinsa. Tun 1977 akwai doka a Nijeriya da ta mai da ba da cek marar kuɗi laifi, amma doka ba ta dawo da agogon da ya haye kogi. Ka dubi kuɗin da za ka iya cirewa kaɗai.

Ƙanwar wannan dabara ita ce ta biya fiye da kima. Kun shirya a kan naira miliyan 2, sai ya ce yaronsa ya yi kuskure ya tura miliyan 2 da dubu 500, don Allah ka mayar masa da rarar. Kai kuwa, da yake mai tsoron Allah ne, ba ka son cin haƙƙin wani, sai ka yi sauri ka tura. Kuɗinka na gaske ya tafi, nasa kuwa tun asali bai zo ba. Haka nan in imel ya zo daga wani wai kamfanin biyan kuɗi na ƙasar waje, ya ce an riƙe kuɗinka sai ka aika da kaya, ko sai ka biya wani haraji tukuna, ka sani tarko ne. Mai sayarwa ba ya biya don a biya shi.

Kuɗin Gaske Daga Hannun Da Ba Ka Sani Ba

Wannan ita ce ta fi wuyar ganewa, gama kuɗin yana shigowa da gaske. Ɗan damfara yakan ɗauki hoton agogonka ya tallata shi a wani wuri kamar nasa, ya sami mai saye a Kano ko Legas, ya ba shi lambar asusunka. Wancan bawan Allah ya tura kuɗi, kai ka gani ka tabbata, sai ka miƙa wa ɗan damfara agogo. Bayan kwana kaɗan wanda ya biya ya kai ƙara, gama bai ga kaya ba, asusunka kuwa shi ne ya karɓi kuɗin. Wani lokaci kuma kuɗin daga asusun wani ne da aka yi wa kutse. Ko ta yaya, ana iya rufe asusunka har a gama bincike, kuma tun da aka fara lambar BVN a 2014, dukan asusunka na bankuna a ɗaure suke da suna ɗaya. Ga shi ka rasa agogo, ga shi kana amsa tambayoyi kamar ɓarawo.

Saboda haka ka dubi sunan wanda ya turo kuɗin. Lalle ne ya zama sunan mutumin da ke tsaye gabanka, kamar yadda yake a katin shaidarsa. In ya ce maigidansa ne ya tura, ko matarsa, ko wani ɗan canji, ka dakata. Kada ka mayar da kuɗin zuwa wani asusun da ya ba ka. Ka je banki ka yi bayani, su nuna maka hanyar mayar da shi inda ya fito.

Tsabar Kuɗi Da Saƙo A Mota

Wani zai ce, to, sai in karɓi tsaba. Ita ma tana da nata. Takardar naira mafi girma ta 1,000 ce, watau agogon miliyan 3 takardu 3,000 ne, bandir 30. Wa zai duba su ɗaya ɗaya a tsaye a bakin tasha? In sefa ce ko dala, wanda bai saba da su ba ba zai rarrabe jabu ba. Ban da wannan, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar da ta wuce naira miliyan 5 sai ta hanyar banki. Mafi kyau ku haɗu a cikin banki da rana, mai kuɗi ya ƙirga, ya sa a asusunka, sa'an nan ka miƙa agogo.

Kada kuma ka ba direba ko mai kwalekwale agogo da alkawarin in ya isa za a biya. Direban yana iya zama mutumin kirki, amma shi ba zai iya sanin ko wanda ya tare shi a tasha ya biya ka ba. In mai saye ya zo duba agogo, kada ya fita daga idonka, gama akwai masu musanya shi da na jabu a cikin aljihu, su ce sun fasa.

Abin Da Za Ka Yi Kafin Ciniki

1. Ka kai agogon wurin gwanin gyara ko dila amintacce, ka san darajarsa. Wanda ya taya fiye da kima ba tare da neman ragi ba, ba saye ya kawo shi ba.

2. Ka rubuta lambar da kamfani ya zana a jikin agogon, ka ɗauki hotonta ka ajiye, amma ka rufe ta a hoton talla.

3. Kada ka kira baƙo gidanka, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Ka ɗauki ɗan'uwa ko dattijon ikilisiya ya zama shaida.

4. Ku rubuta takardar ciniki da sunayenku, da lambar agogo, da kuɗin, kowa ya sa hannu.

5. Lambar asusu kaɗai mai saye yake bukata. Lambar sirri, da lambar katinka, da lambar nan da banki ke aikowa don tabbatarwa, naka ne kai kaɗai.

6. Maigida, ka gaya wa uwargida. Uwargida, ki gaya wa maigida. Cinikin da aka ce kada kowa ya ji, akwai abin da yake ɓoyewa.

Darasi Daga Gibeyon

A cikin Littafin Joshuwa sura 9 akwai labarin mutanen Gibeyon. Maƙwabta ne na kusa, amma suka sa tsofaffin tufafi da takalma masu faci, suka ɗauko busasshiyar gurasa, suka ce daga nesa suka fito. Shugabannin Isra'ila suka dubi guzurin, suka gaskata, ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, amma alkawari ya riga ya ɗaure su. Kuskurensu shi ne sun dogara ga shaidar da baƙon ya kawo da hannunsa. Alat na ƙarya busasshiyar gurasar Gibeyon ce ta zamaninmu.

Ka lura kuma, mugu ya san harshenmu. In ya ga aya a shafinka, zai kira ka ɗan'uwa cikin Ubangiji, ya ce shi fasto ne, ko yana sauri ne zai tafi taron addu'a. Mai bi na gaske ba zai ji haushi don ka duba asusunka ba. Bincike ba rashin ƙauna ba ne. Ka karanta Karin Magana 14:15 da Matiyu 10:16 tare da iyalinka, za ka ga Allah bai kira mu ga wauta ba.

Sai kuma mu dubi zuciyarmu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ƙugiyar ɗan damfara biyu ce, riba mai yawa da gaggawa, kuma ba ta kama kowa sai wanda ya buɗe baki. Mu ma da muke sayarwa, gaskiya ta wajaba a kanmu. In an taɓa sauya wani abu a cikin agogon, ka faɗa. In ba ka tabbata na asali ba ne, kada ka rantse. Wanda yake roƙon Allah ya tsare shi daga macuci, kada shi ya zama macucin wani.

In An Riga An Cuce Ka

Kada kunya ta rufe maka baki, gama malamai da manyan ma'aikata ma an yi musu. Ka sanar da bankinka a ranar, don in kuɗinka ne ya fita, saurin kai ƙara yana iya sa a tare shi. Kada ka share saƙonni, da lambar waya, da hotuna. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, ka ba su lambar agogon. Akwai kuma rajistar agogunan sata a Landan mai suna The Watch Register, wadda dilolin ƙasashe da yawa suke dubawa kafin su saya. In wani ya kira ya ce zai dawo maka da kayanka in ka biya shi, kashe wayarka, sau da yawa su ne suka sake dawowa.

Ikilisiya kuma tana da nata aiki. Kada a yi wa wanda aka cuta dariya. A ziyarce shi, a yi addu'a tare da shi, a taimaka da kuɗin makarantar da ya sa shi sayar da agogon. Sa'an nan, da yardarsa, a faɗakar da jama'a a taron mata, da na maza, da na matasa, domin abin da ya sami gida ɗaya kada ya sami na biyu.