Yadda Na Sassaƙa Jirgin Leƙen Asiri Da Gwangwala

Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin ɗan jirgin saman nan da ke rataye a ɗakinmu na aikin hannu, domin mutane da yawa sun tambaye ni yadda na yi shi. Asalinsa wata wahala ce da na gamu da ita sa'ad da a ka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Keffi.

An ba ni aji shida in koya musu ma'aunin taswira, watau yadda santimita ɗaya a takarda ya ke tsaya wa kilomita da yawa a ƙasa. Na yi kwana uku ina bayani a allo. Yara su na amsawa da baki, amma da na ba su aiki sai na ga mutum huɗu kaɗai su ka ci cikin arba'in da biyu. Ga shi kuwa saura mako uku malaminmu ya zo duba koyarwata. Ran nan ina komawa gida na tarar da waɗansu daga cikinsu a gindin mangwaro su na haɗa motar kara, taya daidai da jiki, ƙofa daidai da taya. Na ce a raina, ashe yaran nan sun san ma'auni da hannu, lissafinsa ne ba su sani ba. Daga nan na ƙudura mu yi wani abu tare wanda ba ya yiwuwa sai da rula.

Jirgin da na zaɓa shi ne ATR 42-500. Kamfanin ATR, na haɗin gwiwar Faransa da Italiya, shi ke ƙera shi, kuma na farkon irinsa ya tashi a shekarar 1984. Asalinsa jirgin fasinja ne mai ɗaukar mutum kamar 48, da inji biyu masu farfela. Mayaƙan sama na Nijeriya sun karɓi guda biyu a 2009 da 2010, waɗanda a ka sāke wa fasali a Italiya su ka zama na sintiri da leƙen asiri. An yi aiki da su wajen duba bakin teku, an kuma yi aiki da su a Arewa maso Gabas. Dalilin zaɓena shi ne aikin ya kasu kashi biyu. Da fari a yi jirgin fasinja, sa'an nan a ƙara masa idanu.

To, ga dokar aikin, ita kaɗai ce kuwa. Na ɗauki ma'aunin 1:50, watau kowane santimita ɗaya a ɗan jirginmu ya na madadin santimita 50 a babban. Sabo da haka kowane awo na gaskiya sai a raba shi da 50. Tsawon jirgin mita 22.67 ne, ya zama santimita 45.3. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 24.57, ya zama santimita 49.1. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kan wutsiya mita 7.59, ya zama santimita 15.2. Kaurin jikinsa kusan mita 2.87, ya zama santimita 5.7. Yara su ka yi rabawar nan da kansu. Da su ka gane fukafukan sun fi jikin tsawo sai gardama ta tashi, har sai da mu ka auna a hoto su ka yarda.

Sauran gaɓoɓin da ba mu da awonsu a rubuce, daga hoto mu ka samo su. A nemi hoton da a ka ɗauka daga gefe sak, domin wanda a ka ɗauka a karkace ya kan gajarta jiki. A namu hoton tsawon jirgin santimita 15.1 ne, mu kuwa 45.3 mu ke so, watau ninki uku. Duk abin da mu ka auna a hoton, ko taga ko ƙofa, sai mu ninka shi sau uku. Ina gargaɗin mai son gwadawa ya tsaya ga hotunan da a ka riga a ka buga. Kada wani ya tafi bakin sansanin soja da wayarsa ya ce aikin makaranta ya ke yi.

Turawa su kan yi irin wannan aiki da wani katako marar nauyi da a ke kira balsa. Mu kuwa Allah ya ba mu gwangwala a bakin rafuffukanmu. Idan ta bushe a ka feƙe bayanta, cikinta ya na da taushi, reza ma ta na yankarsa. Na manna guda biyu da gam domin su kai kauri, na ɗaure su da zare kwana ɗaya, kāna na zana siffar gefe da ta sama a kansu na sassaƙa. Na goge da sanfefa mai kaushi, na bi da mai laushi. Ramukan da su ka rage na cike su da garin katako kwaɓe da gam. Fukafukai da wutsiya na yanka su daga siririn falanki. A lura, fiffiken wannan jirgi a kan gadon bayansa ya ke, kuma ƙaramin fiffiken baya ya na can bisa wutsiya kamar harafin T. Tayoyinsa na tsakiya su na shiga cikin wani kumburi a kowane gefen ciki. Wanda ya manta da waɗannan uku ya yi wani jirgi dabam.

A wurin farfela ne na yi abin kunya. Gaggawa ta kama ni, na yanka su da ido daga gwangwanin madara, ban taɓa rula ba. Da na kai aji ina taƙama, wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in wannan ta juya ai za ta sare cikin jirgin." Mu ka auna, sai ga santimita 12, watau mita shida ke nan a babban jirgi. Farfelar gaskiya kuwa mita 3.93 ce, wadda ta kamata ta zama santimita 7.9. Na ce mata ta yi gaskiya, na cire su a gabansu. Mu ka zana da'ira da kamfas, mu ka raba ta shida domin farfelar ruwa shida gare ta, digiri 60 tsakanin kowane biyu. Tun daga ran nan ba wanda ya ƙara yanka kome bai auna ba, har ni.

Sai kashi na biyu, watau mai da shi na leƙen asiri. Abu uku mu ka ƙara. Na ɗaya, wani ƙullutu a ƙarƙashin ciki, inda na'urar rada ta ke zama. Ita ce mai aika igiyar rediyo ta dawo mata da labarin abin da ta ci karo da shi, ko da dare ko cikin gajimare. Mun sassaƙa shi da guntun gwangwala. Na biyu, wata 'yar ƙwallo mai juyawa wadda ke ɗauke da kyamarori, har da mai ganin zafin jiki cikin duhu. Baƙin dutsen wuya ɗaya ya ishe mu. Na uku, taga mai kumburi a kowane gefe, inda mai dubawa zai sa kansa ya ga ƙasa sosai. Wannan mun yanko ta daga fankon ƙwayar magani, irin mai ƙulli-ƙullin roba. Daga nan mu ka shafa fenti ruwan toka, mu ka zana tambarin kore da fari da kore. Da mu ka ajiye shi sai ya zauna a kan wutsiya, sabo da haka na huda hancin na cusa ƙusa biyu na toshe.

Wani yaro ya tambaye ni ina bindigarsa. Na ce masa aikin wannan jirgi shi ne ya gani ya faɗa. Shi ya sa mayaƙan samanmu su ka raɗa wa jiragensu marasa matuƙi irin sunayen da su ka raɗa, watau Gulma, wanda a ka nuna a Kaduna a 2013, da Tsaigumi, wanda a ka ƙaddamar a can a 2018. Aji ya fashe da dariya, amma ba wanda ya manta.

Akwai wani lissafi kuma da ya kamata malami ya sani, domin yaro mai wayo zai kawo shi. In tsawo ya ragu sau 50, fili ya ragu sau 2,500 ke nan, girman ciki kuwa sau 125,000. Babban jirgin ya na iya tashi da nauyin da ya kai kilo 18,600. A raba da 125,000, sai a sami kusan giram 150. Mutum mai tsawon mita 1.75 kuwa zai koma santimita uku da rabi, bai kai tsinken ashana ba. Mun yanka irin wannan mutum da kwali mun tsai da shi a gindin taya.

Ran da malaminmu ya zo, na ba yara taswirar jiharmu su auna nisan Keffi da Akwanga. Mutum talatin da biyar su ka ci. Bakwai ɗin da su ka rage na zauna da su bayan tashi da rula da jirgin.

Shawarata ga mai shirin fita gwajin koyarwa ita ce ya fara da abin da ya fi wannan sauƙi, kamar ajin da ya ke koyarwa a ciki ko motar haya, a ma'aunin 1:20. Ya bar yara su yi awon da rabawar da kansu, shi ya riƙe reza. Mai son ganin awon da mu ka yi, takardar na nan manne a bango kusa da jirgin.