Gyaran Tsohuwar Bindigar Ɗuri

A ƙasar Hausa maharba suna da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. A Amurka ma akwai masu sha'awar irinta. A 1970 kamfanin Thompson/Center ya fara ƙera wata mai suna Hawken, watau sunan waɗansu maƙera biyu, wa da ƙane, da suka shahara a birnin San Luwis cikin ƙarni na 19. An sayar da waɗansu a haɗe, waɗansu kuwa guntu-guntu cikin kwali, mutum ya haɗa abinsa a gida. Da yawansu sun shekara da shekaru a jingine, ƙarfe ya yi tsatsa, itace ya dushe.

To, in irin wannan ta faɗo hannunka, kada ka fara da kwalliya. Ka fara tabbatawa babu ɗuri a cikinta, gama albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Ka juya bakinta inda ba kowa, ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi mata alama daidai baki. Sa'an nan ka zaro ta, ka gwada ta a jikin bututun daga waje. In ba ta kai gindi ba, lalle akwai abu a ciki, sai a kai wa maƙerin bindiga.

Bayan wannan sai ka cire bututun, ka wanke cikinsa da ruwan zafi da sabulu, ka busar, ka shafa mai. Dalili kuwa, tokar albarushi tana jawo laima, laima ta kawo tsatsa. Ka haska fitila ciki ka duba. In tsatsa ta ci ramuka masu zurfi, bindigar nan ta zama ta ado, ba ta harbi ba.

Sa'an nan a komo kan itace. A kankare tsohon fenti, a goge da samfefa, ana bin tsawon itacen, kada a cinye gefen da ƙarfe ke zama. Inda ya lotsa, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, a danna dutsen guga mai zafi, tururi ya tashe shi. Daga nan a riƙa murza man linsid da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, sai shafi ɗaya ya bushe kana a ƙara wani.

Bayan bututu kuwa, waɗansu da gangan suke shafa masa magani ya yi tsatsa, su goge, su sake, har ya zama ruwan ƙasa, kana su rufe da mai.

Amma fa kome kyan da ta yi, kada a ɗura mata albarushin bindigar zamani, wanda ba ya hayaƙi. Ƙarfinsa ya fi nata, yana iya fasa bututun a fuskar mai harbi.