Littattafan da aka kulle a ƙasar Irlanda

Irlanda tsibiri ne da ke yamma da Ingila, kuma yawancin mutanenta mabiya ɗariƙar Katolika ne. A can, shekaru da dama, akwai waɗansu gidaje da ake kira gidajen Magdalena, waɗanda mata masu zaman zuhudu na coci suke riƙe da su. Nan ake kai yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko marainiya, ko wadda alƙali ya tura, ko kuwa wadda danginta suka ga ta zame musu abin kunya. Aikinsu wanki da guga ne, na otel-otel, da asibitoci, da barikin soja, ba tare da an biya su ko dala ba. Da yawa, ran da suka shiga ake sauya musu suna. Gida na ƙarshe, a birnin Dublin, sai a 1996 aka rufe shi.

Asiri ya fara tonuwa a 1993, lokacin da wata ƙungiyar masu zuhudu ta sayar da filinta na High Park a Dublin. An nemi izinin tone gawa 133 don a kai su wata maƙabarta. Da aka haƙa, sai aka tarar da 155. Ashirin da biyu ke nan da ba su cikin lissafi, kuma da yawa daga cikin sauran ba su da takardar mutuwa.

Duk da haka sai da aka ƙara shekara ashirin kafin gwamnati ta amsa laifinta. Rahoton kwamitin Martin McAleese, wanda ya fito a Fabrairun 2013, ya nuna mata wajen 10,000 sun shiga gidaje goma tsakanin 1922 da 1996, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu hukuma ce da kanta ta tura su. Firaminista Enda Kenny ya roƙi gafararsu a gaban majalisa ran 19 ga watan. Amma fa littattafan rajista na gidajen, da kwamitin ya gama dubawa, an mayar wa masu zuhudun abinsu. Tsohuwar da ke son sanin wanda ya kai ta, da shekarun da ta yi, sai ta koma ta roƙi waɗanda suka tsare ta.

Ban da gidajen wanki, akwai kuma gidajen da ake kai masu ciki su haihu a ɓoye, a raba su da jariransu. Ɗaya yana garin Tuam, a yammacin ƙasar, a hannun ƙungiyar Bon Secours daga 1925 zuwa 1961. Wata mata ƴar yankin, Catherine Corless, mai sha'awar tarihin garinsu, ta bi wata hanya dabam. Ta tafi ofishin gwamnati mai rajistar haihuwa da mutuwa, ta riƙa sayen takardun mutuwar yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, kowace Yuro 4, wato jika biyu da rabi da ƴan kai na kuɗin sefa, daga aljihunta. Ta ɗauki sunayen ta gwada da littattafan maƙabartun yankin. Yara 796 an rubuta mutuwarsu, amma babu inda aka rubuta kabarinsu.

Da labarin ya bazu a 2014, wasu sun ƙaryata ta. Sai dai takardun da ke hannunta na hukuma ne, da hatimin hukuma, ba su musantuwa. A 2017 masu bincike suka tabbatar akwai ƙasusuwan yara masu yawa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke haɗe da tsohon ramin ƙazanta na gidan. Babban rahoto na Janairun 2021, wanda ya duba gidaje 18, ya ce yara kimanin 9,000 sun mutu a cikinsu, daga 57,000 da suka zauna.

A 2022 aka kafa dokar da ta ba waɗanda aka haifa a irin waɗannan gidaje ikon ganin takardar haihuwarsu ta asali, da sunan uwar da ta haife su. A Tuam kuwa, an soma tone filin a watan Yulin 2025. Ana karɓar samfurin ƙwayoyin halitta daga dangi, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne, don a gwada da ƙasusuwan, ko a gane kowane yaro a binne shi da sunansa.