Yoyon Ruwan Lagireto: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Gyara Shi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Kano yake kaiwa digiri 40, akan ga motoci a gefen titin Zariya, tsakanin Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi, an ɗaga bonet tururi yana tashi. Wasu daga ƙauyuka suka fito da amfanin gona, wasu kuma marar lafiya suka ɗauko za su kai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sau da yawa musabbabin wannan tsaiko shi ne ɗan yoyon da direba ya daɗe yana gani, yana ƙara ruwa kullum safiya maimakon ya nemi inda yake zuba.

Aikin ruwa a cikin inji

Injin mota yana aiki sosai ne idan zafinsa yana wajen digiri 90. Famfon ruwa shi ke tura ruwa ta cikin jikin inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto, inda iska da fanka suke sanyaya shi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi ta yadda ba zai tafasa ba sai ya kai kimanin digiri 120. Saboda haka idan ƙofa ta samu, hasara biyu ake yi: ruwa yana raguwa, wanda ya saura kuma yana saurin tafasa.

Yadda ake gano inda yake zuba

Ana yin wannan bincike ne da safe, kafin a tayar da inji. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da daddare, da safe a duba inda ya jiƙe. Ruwan sanyaya inji yana da launi, kore ko ja ko ruwan hoda, kuma yana da santsi. Farin ruwan da ke ɗiga bayan an yi amfani da na'urar sanyaya cikin mota ba yoyo ba ne. Daga nan sai a bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya:

1. Tiyo na sama da na ƙasa. A matsa su da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi laushi ainun, ya gama aiki. A duba ƙarafunan da suka ɗaure bakinsu.

2. Jikin lagireto, musamman inda roba ta haɗu da alminiyum. Busasshen yoyo yakan bar fari ko koren tabo.

3. Murfin lagireto. Idan robar da ke cikinsa ta cinye, ruwa zai riƙa fita ko da babu ƙofa a ko'ina.

4. Famfon ruwa. Ɗiga a ƙarƙashinsa ko ƙara daga cikinsa alama ce ta lalacewa.

5. Ƙasan kujerun gaba. Idan shimfiɗar ta jiƙe, ƙaramin lagireton da ke ɗumama cikin mota ne ya fashe.

Idan ruwa yana ƙarewa amma ƙasa a bushe take, to mai yiwuwa cikin inji yake shiga. Alamominsa su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa, da kumfa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Wannan yana nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone, kuma bai kamata a ci gaba da tuƙa motar ba. Bakanike mai kayan aiki yana da famfon gwaji da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska, sai ɓoyayyen yoyo ya bayyana.

Gyara

Tiyo da murfi da famfon ruwa sauya su ake yi, kuma ana samun su a kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan kayan gyaran mota. A tafi da tsohon domin a dace da irinsa, don kuwa kowane murfi akwai lambar ƙarfinsa a rubuce a kansa. Lagireton tagulla na tsofaffin motoci ana iya liƙe shi da dalma. Na zamani mai roba idan ya tsage, liƙi ba ya daɗewa, sauyawa ta fi.

Wasu direbobi sukan zuba garin rogo ko ɗanyen ƙwai a lagireto don toshe ƙofa. Wannan yana toshe har da siraran hanyoyin da ruwa yake bi. Haka nan cire tamostat ba ya maganin yoyo.

Bayan gyara, a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda aka tanadar wa motar. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da ƙanzo, su cinye ƙarfe daga ciki. A lura cewa wannan ruwa mai launi guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, don haka kada a zuba shi a gorar ruwan sha, kada kuma a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai gare shi.

Idan ya faru a hanya

Da zarar allurar zafi ta doshi ja, a sauka daga titi a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, kuma a rufe shi da tsumma mai kauri a kwance a hankali, domin tururin yana salluɓe fata. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, yana iya tsagewa. A irin wannan hali ana iya zuba ruwa mai tsabta don a isa gareji mafi kusa. Mai neman agaji a babbar hanya yana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.

Kira ga jami'ai

Ana kira ga masu kula da motocin ƙananan hukumomi, musamman na ɗaukar marasa lafiya, da shugabannin direbobi a tashoshi, su sa a riƙa duba ruwan kowace mota kullum safiya ana rubutawa. Motar da ta nemi ƙarin ruwa sau biyu a mako guda a kai ta gareji kafin ta sake ɗaukar fasinja.

Allah ya kiyaye hanya.